Yaran da suka tashi a waje: ta ina ake fara koya musu ladabin gida?

Kawun Yara, Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar iyayenmu da malamanmu. An dawo mana da 'ya'yan ƙanwata su 3 daga Abijan, can aka haife su, yanzu za su zauna a babban gidanmu a unguwar Birni, cikin Damagaram. Ƙaramar shekararta 5, na tsakiya 9, babban 14. Suna jin Hausa, suna salla, ba sata, ba ƙarya. Sai dai ba sa durƙusawa in za su gai da babba, suna ƙura wa mutum ido yana yi musu magana, suna faɗawa ɗaki ba sallama, suna miƙa abu da hagu, na tsakiyan ma kakarsa yake kira da sunanta na yanka. Maƙwabta sun fara ƙus-ƙus wai ba su da tarbiyya, ran tsohuwa kuma ya soma ɓaci.

Abin da nake so in sani: ta wace hanya yaro yake ɗaukar waɗannan abubuwa tun asali, tunda mu ba mu tuna ranar da aka koya mana ba? Wanne za a fara gyarawa? Na 14 ɗin bai wuce gyara ba? Bulala tana da amfani a nan? Wasu kuma suna ce mini in ƙyale su, zamani ya canja, durƙuso ba ya ba da abinci. Haka ne?

Hajiya Ta-Zongo

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya saka maka da alheri da riƙon zumunci. Abu na farko, ka tare maganar nan ta rashin tarbiyya tun a ƙofar gida, kada ta kai kunnen yaran. Yaron da yake salla, ba ya ɗauke-ɗauke, ba ya ƙarya, uwarsa ta yi aikinta. Abin da bai samu ba shi ne ladabin garin nan, shi kuwa koyonsa ake yi, ba a haifi kowa da shi ba.

Ka ce ba ka tuna ranar da aka koya maka ba. Ai babu ranar. Yaron babban gida tun yana goye yake ganin uwarsa tana durƙusa wa surukarta kowace safiya. Da ya fara tsayuwa sai yayarsa ko goggonsa ta dafa kafaɗarsa ta saukar da shi ƙasa a hankali, ta ce "gai da Baba", ta sa masa kalmar a baki. Baban ya amsa da fara'a, ya shafa kansa, ya sa masa albarka. Abu 3 ke nan suka haɗu: ya ga ana yi, an sa shi ya yi da jikinsa, ya kuma samu amsa mai daɗi. A maimaita safe da yamma shekara 2 zuwa 3, gwiwa sai ta riƙa sauka da kanta. Inda aka fi samun matsala shi ne na ukun. Yaro ya durƙusa ya gai da babba, babban idonsa na kan salula ya amsa da hanci. Sati guda ya isa yaro ya gane wahalar banza yake yi. Don haka kafin ka taɓa yaran, zauna da manyan gida ka roƙe su: duk wanda aka gaisar ya ɗago kai, ya amsa, ya kira sunan yaron.

Kada ka ɗauko gyara 5 rana ɗaya. Garin tuwo in aka juye shi duka a tukunya lokaci guda, gudaji yake yi. Ɗauki abu ɗaya ka ba shi kamar sati 2, sauran ka kawar da kai. Fara da gaisuwa, don ita mutanen waje suke gani, ita za ta fi saurin kashe surutu.

Bayan sallar asuba, kafin a sha koko, yaran gida su zagaya bisa tsari: mai gida, kaka, sannan matan gida, uwargida kafin amarya. A tuɓe takalmi a bakin ƙofa, a yi sallama, a jira amsa. Namiji ya tsugunna, mace ta kai gwiwa ƙasa, abin nufi dai kada yaro ya tsaya a kan babban da yake zaune. Yaro ne zai fara, "ina kwana", ya ƙara ɗaya ko biyu ya tsaya. Ba nasa ba ne ya jero wa babba ina gida, ina iyali, ina aiki kamar tsaransa. Ba ya miƙa hannu sai babba ya miƙo, in an miƙo ya karɓa da hannu biyu. Ba ya tashi sai an sallame shi. Kada ka tura baƙin su kaɗai. Haɗa kowanne da tsaransa na gida, ɗan gida a gaba, baƙon a baya yana kwaikwayo, ta haka ba zai ji shi kaɗai aka sa wa ido ba.

Sunan kaka shi ne mafi sauƙi. Ku tsai da suna ɗaya, ko Inna ko Hajiya ko Kaka, kowa a gidan ya riƙa kiranta da shi a gaban yaran. In yaron ya kira sunan yanka kada ta amsa, kada kuma ta yi faɗa. Da ya gyara ta amsa nan take.

Sai cin abinci. Kuskuren da tausayi yake jawowa shi ne a ware wa baƙin yara faranti da cokali. An fitar da su daga makaranta ke nan. A kwano ɗaya ake koyon jira, da barin wa wani, da sanin babba. Maza da maza, mata da mata, tsara da tsara. Babba ya fara wanke hannu, shi zai fara sa hannu, kowa ya ci gabansa, nama ba a taɓa shi sai babban ya raba, ƙarami ya ɗauke kwano. Sai dai a lura da 'yar shekara 5 ɗin: yaron da bai saba da kwano ɗaya ba yana da sanyin hannu, sai a cinye a bar shi da yunwa, shi kuma ba zai faɗa ba. A ajiye mata ɗan saura a gefe har ta saba. Maganar hagu kuma, a ɗaura musu ɗan zare ko awarwaro a hannun dama, ya ishe su tuni. In an miƙo abu da hagu, kada ka karɓa, kada ka ce komai, ka dai jira. In akwai bahago a cikinsu, ci da miƙa abu kawai za a mayar dama, rubutu a bar masa hannunsa.

Na 9 ɗin, aike ne makarantarsa. Fara da cikin gida, sai maƙwabta, sai shago. Kafin ya fita ya maimaita saƙon a gabanka. In ya isa: sallama, gaisuwa, sannan "wai in ji Inna". Ya jira amsa, ya kawo ta yadda aka faɗa, ba ƙari ba ragi. Ka kula, yaron da ya saba ƙirga kuɗi da Faransanci lissafin dala yana ruɗa shi. Koya masa dala ɗaya faran 5 ce, dala 20 ita ce 100, dala 100 ita ce 500. In ka ba shi dala 100 ya sayo sukarin dala 60, ya san dala 40 zai dawo da ita. Ko kana da niyyar bar masa canjin, bari ya fara danƙa maka shi a hannu, sannan ka mayar masa. A nan amana take tsira.

Gyara kuwa mataki-mataki ne: ido, sai kiran suna a hankali, sai a ja shi gefe bayan baƙi sun tafi. Kada a tozarta shi gaban mutane, kada a yi dariyar Hausarsa, in an yi zai daina magana gaba ɗaya. Bulala a kan abin da yaro bai sani ba zalunci ne, kuma abin da take koyarwa shi ne tsoron mai bulalar. Yana nan a durƙusa, ya ba da baya a miƙe.

Abu ɗaya da sai an faɗa musu da baki: wa ake wasa da shi, wa ba a yi. Za su ga jikoki suna tsokanar kaka, tana kiran jikanta mai gidana, su ɗauka haka ake yi da kowa, su je su gwada a kan baffansu. Ka zaunar da su ka lissafa: kaka abokiyar wasa ce, taubashi ɗan kawu ko ɗan goggo abokin wasa ne. Uba, baffa, malam, suruki, babu wasa. Ita tsohuwar ma, ta hanyar wasan nan za ta fi kowa gyara su ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

Malam na Garin Malam

Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin gama magana a kan aiki. Zan ƙara abu ɗaya da in aka yi sakaci da shi yana rusa sauran, musamman ga na shekara 14: a raba wa yaro abin da addini ya ce da abin da al'ada ta ce.

Cikin abubuwan da kawun yara ya lissafa, sallama da neman izini nassi ne. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. Aya ta 58 kuma a kan yaran gida ta sauka, waɗanda ba su balaga ba, ta ware musu lokaci 3 da dole su nemi izini kafin su shiga wajen iyaye: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi don hutawa, da bayan sallar isha'i. Aya ta 59 ta ce in sun balaga su nemi izini kamar manya. Ke nan ƙananan biyu a fara musu da lokutan nan 3, babban kuwa kowane lokaci. Yadda ake yi ma ya zo a hadisi: izini sau 3 ne, in ba a amsa ba ka koma. Ba a tsayawa daidai saitin ƙofa, a ɗan rakuɓe dama ko hagu. In aka ce wane ne, ka faɗi sunanka, ba "ni ne" ba.

Ci da dama ma haka. Umar ɗan Abu Salama yana yaro a hannun Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya ce masa: ya kai yaro, ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka. Buhari da Muslim duk sun ruwaito shi. A duba salon gyaran: gajere ne, a daidai lokacin da abin yake faruwa, an faɗi abin da za a yi, ba zagi a ciki. Ƙarami ya fara yi wa babba sallama, mai wucewa ya yi wa na zaune, shi ma hadisi ne.

Amma durƙuso, da sunkuyar da kai, da ƙin faɗin sunan kaka ko na miji ko na ɗan fari, waɗannan al'adarmu ce. Girmama babba addini ne, siffar da muke yi da jiki ta gari ce. Har akwai malaman da ba sa son durƙuson da ya yi kama da ruku'u ko sujada, shi ya sa a cikin Damagaram za ka shiga wani gida ka tarar an bar shi, ana gaisawa a tsaye cikin natsuwa. Don haka kada a ce wa yaro in bai durƙusa ba ya yi zunubi. Ɗan shekara 14 yana da salula, zai bincika, ya tarar ba haka ba ne, daga nan duk abin da aka ce masa addini ne sai ya sa masa alamar tambaya, har da wanda yake na gaskiya. A faɗa masa kai tsaye: wannan umarnin Allah ne, wancan kuma haka ake yi a gidan nan, kakarka tana jin daɗinsa, faranta mata rai kuma lada ne.

Game da shekaru, hadisin Abu Dawuda ya ce a umarci yara da salla suna da 7, a tsananta a kai suna da 10, a kuma raba musu shimfiɗa. Tazarar shekara 3 ke nan ta koyarwa kafin tsanantawa, a kan salla ma da ta fi komai. To ina ga durƙuso ga yaron da bai yi wata 3 a gari ba? Ka sa ƙananan a makarantar allo ko islamiyyar unguwa, can za su ga tsararsu suna yi. Babban kuma ka roƙi malaminsa ya karanta masa babukan ƙarshen Risala, inda aka yi bayanin ladubban ci da sha da sallama da neman izini. Matashi ya fi karɓar abin da ya gani a littafi da idonsa.

Hajiya Ta-Zongo

Allah ya gafarta Malam, na yarda a raba masa. Sai dai kada a ce tunda al'ada ce a sake ta. Gidan da tsohuwarsa take son durƙuso, a durƙusa mata. In yaron ya je gidan da ba a yi, ya gaisa yadda suke yi. Abin da za a koya masa shi ne ya duba yadda 'ya'yan gidan suke gai da iyayensu kafin ya buɗe baki.

Mushe (Malamin Boko) Mai Ritaya, Sabon Gari

Kawun yara, abin da Hajiya ta faɗa masana halayyar ɗan Adam sun gwada shi. A 1961 Albert Bandura, a jami'ar Sitanfod ta Amurka, ya ɗauki yara 72 masu shekara 3 zuwa 6. Wasu suka kalli babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba, wasu suka kalli babba yana wasa cikin natsuwa. Da aka bar su da 'yar tsanar, waɗanda suka ga duka suka fi dukanta, har da kwaikwayon salon dukan da kalmomin da suka ji, alhali ba wanda ya ce musu su yi. Ma'anarsa a gidanku: in kawu yana shiga ɗakin tsohuwa ba sallama, ko yana amsa mata magana a tsaye yana tafiya, darasin safe ya tashi a banza.

Na 14 ɗin bai wuce gyara ba, amma ƙofarsa daban ce. A shekarunsa idon tsara ya fi idon uwa nauyi. Solomon Asch a 1951 ya zaunar da mutum cikin rukunin da aka haɗa baki da su, aka nuna musu layuka a takarda aka ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani. Amsar a fili take, amma da sauran suka haɗu a kan kuskure, wajen kashi 1 cikin 3 na amsoshin waɗanda ake gwadawa sun bi kuskuren. Da aka sa mutum ɗaya tak a rukunin yana faɗin gaskiya, bin kuskuren ya ragu ƙwarai. Kafin matashi ya yi abu, tambaya 2 yake yi wa kansa ko bai sani ba: me irina suke yi, kuma me suke jiran in yi? Wa'azi ba ya canja amsar, sai an canja waɗanda yake zaune da su, ko a samar masa aboki ɗaya nagari a cikinsu.

A garin nan wurin da wannan yake faruwa shi ne fada, ba ta sarki ba, majalisar shan shayi ta samari. Tun shekarun 1990 ta zama zauren matasa, kuma tana da dokokinta: akwai shugaba, akwai karo-karon sukari da ganyen shayi da gawayi, ƙarami ne yake dafawa, babba ake fara miƙa wa, in ɗan fada ya yi rashi ko suna kowa sai ya je. Yaro yana koyon ladabi a nan fiye da yadda iyaye suke zato. Ƙungiyoyin da ake kira pale, waɗanda aka san wasunsu da faɗace-faɗace, su ma ta wannan hanyar suke koyar da nasu halin. Injin ɗaya ne, abin da aka zuba masa ne ya bambanta. Saboda haka kada ka ce za ka hana shi fada, ba za ka iya ba. Zaɓar masa. Duba wadda take zama a ƙofar gidan da ka sani, suna tashi in an kira salla, yawancinsu suna lakwal, wato makarantar boko, ko sana'a, suna watsewa kafin dare ya yi nisa. Haɗa shi da ɗan uwansa da ya girme shi da shekara 2 ko 3 ya kai shi. A da samariya ce take wannan aiki, da sarkin samarinta da aikin gayya, har gwamnatin Seyni Kunce, 1974 zuwa 1987, ta mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. Yanzu aikin ya dawo wuyan iyaye.

Manya ma haka suke canjawa. Makarantar mazaje da hukumar UNFPA, mai kula da yawan jama'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a nan jihar Damagaram a 2008 a kan wannan aka gina ta: a zaɓi magidanta kaɗan masu mutunci a gari, waɗanda matansu suke zuwa awon ciki, su riƙa zama suna tattaunawa, sauran maza su gani su san irinsu ma suna barin matansu su je asibiti.

Kuskure 2 nake so ka guje wa. Na farko, faɗin "yaran zamani duk haka suke, ba kunya". Kana nufin zargi, shi kuma abin da ya ji shi ne kowa haka yake yi, ke nan shi ma daidai yake. Gara ka ce "yaran gidan nan suna gai da kakarsu kafin su fita". Na biyu, ɗaukar kallon ido a matsayin raini. A lakwal ana son ɗalibi ya miƙe tsaye in mushe ya shigo, ya dube shi, ya ɗaga murya. A gida ana son ya sauka ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya rage murya. Yaran nan ladabin farko suka iya. Kada ka kashe musu shi, za su buƙace shi a aji da wajen neman aiki. Koya musu cewa kowane wuri da nasa.

Ka kuma gaya masa zancen wasan ƙabilu tun bai ci karo da shi a kasuwa ba: Bafillace da Babarbare, Bagobiri da Bazabarme. Wanda bai sani ba yana iya jin an ce masa bawa ya kai hannu. Wasan taubasantaka na Nijar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma yana kashe faɗa da yawa tun bai tashi ba.

Alhaji na Kasuwar Dole

Masu cewa durƙuso ba ya ba da abinci su zo kasuwa su gani. Yawancin kayan da suke shigowa daga Kano ta Magarya ko Matamai, da waɗanda ake rarraba wa 'yan tebur da masu shagon unguwa, bashi ne ba takarda. Jinginar ita ce sunan mutum da na gidansu.

Yaron shago kuma ba a ɗaukarsa don takardar lakwal. Tambayar farko ita ce ɗan wane ne, wa ya kawo shi. Daga nan gwaji ne hawa-hawa, ba kuma a gaya masa ana gwada shi. Watannin farko shara, buɗe shago, ɗauko kaya, ana duba lokacin zuwansa da yadda yake tarbar mai saye, musamman tsohuwar da ta zo sayen abin dala 20. Sai a bar ƙananan kuɗi a inda zai gani. Sai a tura shi karɓo bashi, a nan ake gane mai hankali: ya gaisa, ya jira mutane su ragu, ya yi magana a asirce, ya dawo da kuɗi ko da rana tsayayya, ba tare da ya ɓata ciniki ba. Sai a bar masa shago yini guda. Ƙarshe a aike shi Kano da kuɗi. Wanda ya haye wannan shi ake yayewa da jari bayan wasu shekaru. Yaro mara gaisuwa ba ya kaiwa hawa na biyu, don masu saye za su riƙa tsallake shagon.

Aure ma haka. Bincike ba wajen dangin yaro ake yinsa ba, su ai yabo za su yi. Ana tambayar limamin unguwa, mai shagon kusa, da dattawan da suke zama a tabarmar ƙofar masallaci, waɗanda yaro yake wucewa ta gabansu kullum tun yana ƙarami. Gidan da ba ya zuwa jana'iza da suna da ɗaurin auren mutane kuwa, ranar nasa zai ƙirga waɗanda suka zo.

Amma kada a tsaya a gwiwa. Kasuwa ta san yaron da ya fi kowa iya durƙuso da "ranka ya daɗe", aljihun tebur kuma yana raguwa. Ladabi ne yake sa a buɗe masa ƙofa, amana ce take sa a bar masa makulli, shi ya sa maganar Hajiya ta dawo da canji ta fi komai muhimmanci a wajena.

Ungozoma, Tudun Jamus

Iyayena da malamaina, a yi mini afuwa, akwai gefen da ba a taɓo ba. Kunya da biyayya in aka koyar da su ba iyaka suna cutar da yaro, kuma a asibiti ake ganin sakamakon. Yarinya ta fara al'ada ta ɓoye, tana amfani da tsumma mara tsabta. Yaro yana fitsarin jini saboda tsargiyar da ya ɗauka a wankan tafki, ya yi watanni bai faɗa ba, alhali maganinta ƙwaya ce. Mafi muni, wani babba yana taɓa yaro ta hanyar da ba ta dace ba, yaron ya yi shiru don an koya masa ba a musu da babba, ba a kuma faɗin irin wannan magana.

Yaran nan sun zo da baki a buɗe. Ku gyara musu salon magana, kada ku rufe bakin. Yayin da ake koya musu gaisuwa, a haɗa da wannan. Kowane yaro a ba shi babba ɗaya, a faɗa masa sunansa a fili, wanda zai iya gaya wa komai ba tare da an yi masa faɗa ba: mace goggo ko inna ko kaka, namiji kawu ko babban wa. Yawanci ba uwa ko uba ba, don alkunyar da ke tsakani, musamman ga ɗan fari. A gaya musu abu 3 babu kunya a cikinsu: ciwo ko jini a ko'ina a jiki, wanda ya taɓa su a wurin da tufafi suke rufewa, da wanda ya ba su kuɗi ko kyauta ya ce kada su faɗa a gida.

A kuma raba musu gaisuwa da bi. Kowane babba ana gaishe shi, amma ba kowane babba ake bi ba. In wani a unguwa ya ce zo in aike ka, ko zo in kai ka a kabu-kabu, amsar ladabi ita ce "to, bari in faɗa a gida", ya juya ya tafi. A sa su su maimaita kalmar nan da baki, 'yar shekara 5 ɗin ma, har ta zauna musu. Aiken maƙwabta ya tsaya a zaure ko tsakar gida, ba cikin ɗaki ba, ba kuma bayan magariba ba. In yaro ya kawo irin wannan ƙara, a saurare shi har ya gama kafin a yi masa tambaya, kada a haɗa shi ido da ido da wanda ya ambata, a kai shi asibiti a ranar ko da ba a ga rauni ba.